Babi na Bakwai: Littafi a Buɗe, Kuskure Babu

A Birtaniya akwai jarrabawar da ake shigarta da littattafai a hammata. Ba mai hana ka buɗe su, ba mai ƙwace maka kalkuleta, idan ka so ma ka manna 'yan takardu masu launi a gefen shafuka don ka riƙa gane wuri da sauri. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a cin ta da kashi 70 ko 90, sai ɗari bisa ɗari. Ita ce jarrabawar da ake yi wa duk mai son taɓa bututun gas a gidajen mutane. Tsarin gaba ɗaya ana kiransa ACS, matakinsa na farko kuma, wanda ba a tsallake shi ga mai aikin gidaje, shi ne CCN1. Wanda ya ji an ce littafi a buɗe yakan saki jiki, wanda ya ji an ce ɗari bisa ɗari yakan tsorata, kuma dukansu biyu ba su fahimci abin da ake nema ba. Ba hadda ake gwadawa ba, ba kuma saurin hannu ba. Ana so a ga ko za a iya barin mutum shi kaɗai a kicin ɗin wani, babu maigida a kansa, ya yi abin da ya kamata a jere kamar yadda ya kamata, ya kuma san lokacin da zai ajiye sifana ya buɗe littafi.

Tsananin nan yana da asali. Da asubahin ranar 16 ga Mayu, 1968, wata mata a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan ta ƙyasta ashana za ta ɗora ruwan shayi. Gas ya riga ya cika kicin ɗin. Fashewar ta ture bangon ɗakin waje, kusurwar ginin mai hawa 22 ta rufta tun daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka rasu. Binciken da aka yi ya ɗora babban laifi a kan yadda aka tsara ginin, amma inda gas ɗin ya tsiyayo ɗan ƙaramin noti ne marar inganci a mahaɗar murhu. Shekara biyu bayan haka, a 1970, aka kafa rajistar masu aikin gas mai suna CORGI. Da farko ganin dama ce, sai a 1991 shiga ta zama dole. Ranar 1 ga Afrilu, 2009, Gas Safe Register ta karɓi aikin, a ƙarƙashin kulawar hukumar lafiya da kariyar ma'aikata, wato HSE. Dokar da ke riƙe da komai ita ce ta 1998 kan kariya wajen haɗa gas da amfani da shi. A ƙarƙashinta, yin aikin gas don kuɗi ba tare da rajista ba laifi ne da kotu ke hukuntawa, kuma an sha ɗaure mutane a kansa.

Wannan ya shafi ɗan'uwanmu da ya zo da sana'arsa daga gida. Ko ya shekara goma yana haɗa murhu da tukunyar gas a Kano ko Maraɗi, ko ya iya aikin famfo kamar me, babu ƙofar da za ta buɗe masa sai wadda kowa ke bi. Sabon shiga ba ya zuwa cibiyar jarrabawa kai tsaye ya biya kuɗi ya zauna. Sai ya bi ta koyon sana'a a wurin wani kamfani, ko ya shiga tsararren kwas da aka amince da shi bisa ƙa'idar IGEM, ƙungiyar injiniyoyin gas ta ƙasar. Kwas ɗin kashi biyu ne: karatu da gwaji a cibiya, sai kuma kundin shaidar aiki, wanda mutum ke tarawa yana bin injiniya mai rajista gida-gida, ana ɗaukar hoton abin da ya yi, yana rubuta awon da ya samu, maigidan yana sa hannu.

Kundin nan shi ne wuyar aikin, kuma shi ne abin da masu tallan kwas ba sa ɗaga murya a kansa. Samun injiniyan da zai yarda ka bi shi ba abu ne mai sauƙi ba, domin kai nauyi ne a gare shi: kana rage masa sauri, kuma duk kuskurenka a kan lasisinsa yake. Kafin ka biya ko kwabo, ka tambayi cibiyar ko ita za ta samo maka wanda za ka bi, a rubuce. Akwai kuma masu neman wanda zai sa musu hannu a kan aikin da suka tsaya kallo kawai. A ganina wannan cutar kai ce tun kafin a zo ga maganar amana. Ranar jarrabawa babu wanda zai karanta kundinka ya tafa maka. Gejin auna matsin gas za a miƙo maka a ce bismillah, kuma hannun da bai taɓa riƙe geji a gidan mutane ba, ana gane shi tun daga yadda yake sa tiyo.

Ita jarrabawar tana ɗaukar kwanaki, ba yini ɗaya ba. Akwai takardun tambayoyi, yawancinsu na zaɓi ne, akwai kuma aikin hannu a wasu 'yan ɗakuna da aka gina cikin cibiyar, kowanne da mitarsa da bututunsa da murhu ko hita. Ɗari bisa ɗarin da ake faɗa ba yana nufin kuskure ɗaya ya kore ka ba. Idan ka kuskure 'yan tambayoyi, ana mayar maka da takardar ka sake duba su, wani lokaci mai tantancewa ya zaunar da kai ya tambaye ka da baki don ya ga ko ka gane. Abin da ba za a yi ba shi ne a sallame ka da sauran tambayar da ba ka san amsarta ba. Hikimar a bayyane take. Wanda ya ci kashi 90 yana da kashi 10 da bai sani ba, kuma ba shi ke zaɓar gidan da wannan kashi 10 ɗin zai same shi ba.

Saboda haka shirin farko shi ne sanin littafi, ba haddace shi ba. Ƙa'idojin suna da yawa, kowace da lambarta: BS 6891 ta aikin bututu, BS 5440 kashi na ɗaya ta mafitar hayaƙi, kashi na biyu ta shigar iska, IGEM/UP/1B ta gwajin yoyo, IGEM/G/11 ta abin yi idan an tarar da haɗari. Cibiyoyi sukan ba da babban littafi guda da ya tattara su. Wanda ya yi makonni yana buɗe littafin nan kullum, yana neman amsa a ciki ko da ya san ta, zai isa teburin da yake so cikin daƙiƙu. Wanda ya sayo shi ana jibi jarrabawa zai ƙare lokacinsa yana lalube a fihirisa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Abu na biyu, a tabbatar bugun da ke hannu shi ne na yanzu. Ana sabunta ƙa'idojin nan lokaci zuwa lokaci, kuma lambar da maigidanka ya haddace shekara goma sha biyar da suka wuce tana iya zama ta tsufa. Ya cancanci girmamawa, amma ranar jarrabawa ba shi za a tambaya ba.

Gwajin yoyo

Idan akwai aiki ɗaya da ya kamata ya zame wa mutum jiki har ya iya yin sa ana yi masa surutu, to gwajin yoyo ne. Ya cancanci a tsaya a kansa, domin kowane mataki a cikinsa yana da dalili, kuma wanda ya san dalilin ba ya mance matakin.

Ana farawa da rufe babban bawul ɗin da ke kusa da mita. A kwance ɗan sukurin da ke bakin gwaji, a sa tiyon geji. Gejin na iya zama na ruwa, wato lanƙwasasshen bututun gilashi mai ruwa a ciki, ko na lantarki. Sai a buɗe bawul a hankali har matsin ya kai tsakanin milibar 7 zuwa 10, a rufe, a zuba ido minti ɗaya. A nan ba faɗuwa ake jira ba, hawa ake dubawa. Idan ruwan ya hau, ma'anarsa bawul ɗin da ka rufe bai rufu ba, gas na silalowa ta cikinsa. Me ya sa wannan ya zo farko? Domin bawul mai silalo da gas zai riƙa cike gurbin wanda ke tsiyaya a wani wuri cikin gida, geji ya tsaya cak, ka rantse babu yoyo alhali akwai. Sabon shiga da yawa suna yin wannan mataki don an ce su yi. Mai tantancewa yana iya tambayar dalili, kuma shirun da ke biyo baya yakan yi tsawo.

Bayan haka a ɗaga matsin zuwa milibar 20 zuwa 21. Ba a wuce gona da iri, domin matsi mai yawa na iya kulle regiletar mita ya ɓata awon. A bar shi minti ɗaya ya daidaita, saboda gas na kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, ko tafin hannunka a kan bututu na iya motsa geji. Sannan a fara ƙirga minti biyu na ainihin gwaji. Ga sabon bututu, ba a yarda da wata faɗuwar da ido zai gani ba. Ga tsohon aiki mai na'urori a haɗe, akwai teburin da ya yarda da 'yar faɗuwa kaɗan, amma da sharaɗin babu wanda ya ji warin gas. Da zarar mai gida ya ce yana jin wari, teburin ya tashi daga aiki, sai an nemo wurin.

Sai abin da ke kayar da mutane bayan sun gama mai wuyar. An cire tiyo, an ji daɗi, an juya baya. Bakin gwajin nan da ka kwance, dole ka mayar da sukurinsa, ka buɗe gas, ka shafa masa ruwan kumfa ka ga bai yi ƙwai ba. Wurin nan kaɗai ne gwajinka bai gwada ba, tunda ta nan ka yi gwajin. Mutum ya bar shi a sake ya tafi, ya bar gida da yoyon da shi ya kawo. Kuma ruwan kumfar na musamman ne, ba sabulun wanke-wanke da muka saba da shi a gida ba, domin sabulu na cin ƙarfe a hankali. Batun gwada yoyo da ashana kuwa, wanda wasu ke yi a bakin titi suna dariya, ko da wasa kada ya fito daga bakinka a cibiyar.

Sauran lissafin ba shi da wuya, yawa ne da shi. Matsin gas a bakin mita idan na'urori na aiki ya kamata ya kasance wajen milibar 21, da ɗan sassauci sama ko ƙasa. Daga mita zuwa kowace na'ura ba a yarda bututu ya cinye fiye da milibar 1 ba, wanda shi ne tushen duk lissafin kaurin bututu: tsawo, yawan gwiwoyi, da yawan gas ɗin da za a ja. Awon gas ɗin da na'ura ke ci ma haka. A mita mai ƙirga kubik mita, a kashe komai sai na'urar da ake aunawa, a ƙure ta, a ɗauki karatu, a jira minti biyu, a sake ɗauka. A ce bambancin ya zama 0.085. A ninka sau 30 a sami 2.55 a awa. A ninka da wajen 10.76, ya ba da kilowat 27.4, a raba da 1.11 don a cire zafin da ke tafiya cikin tururi, ya rage 24.7. Idan farantin da ke jikin na'urar ya ce 24, kana cikin iyaka. Inda ake zamewa shi ne a kwatanta 27.4 da 24 a ce na'urar ta zarce. Ba jahilci ke jawo wannan ba, gaggawa ce, kuma maganinta rubuta kowane mataki a takarda ko da kana ganin ka iya da ka.

Wanda ya saba da tukunyar gas ta gida yana da wani abu da zai sake a tunaninsa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata ya taru a rami. Gas ɗin bututu na Birtaniya, wanda ƙasar ta koma kansa tsakanin 1967 da 1977 bayan an same shi a Tekun Arewa, yawancinsa mithen ne, ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Yana kamawa ne idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki. Matsinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma CCN1 ba ta ba ka izinin taɓa na tukunya ba, wannan jarrabawarsa daban.

Iska da hayaƙi

Fashewa ce ke shiga labarai, amma abin da jarrabawar ta fi ɓata lokaci a kansa shi ne kabon monoksaid. Mu ba baƙinsa ba ne. Shi ne ke kashe iyali guda cikin dare idan an shigo da janareta zaure, shi ne ke cikin kaskon gawayin da ake rufe ɗaki da shi lokacin hunturu. Ba shi da wari, ba shi da launi, kuma jini ya fi karɓarsa sau ɗari biyu da wani abu a kan iskar da muke shaƙa don rayuwa. Gas na bukatar iska kusan ninki goma na yawansa kafin ya ƙone sarai. Idan ya samu, harshen wutar shuɗi ne tsayayye, abin da ke fita kuma tururi ne da kabon dayoksaid. Idan iskar ta gaza, wutar ta koma rawaya tana lilo, baƙin hayaƙi ya fara taruwa a jikin na'ura, gubar ta fara fita.

Gidan Birtaniya kuwa an gina shi ne don ya hana iska shiga. Taga mai gilashi biyu, roba a bakin ƙofa, kafet har bango. Wanda ya tashi a gida mai tsakar gida, inda ake girki a fili, sai ya koya wa idonsa neman abin da bai taɓa damuwa da shi ba: ta ina iska ke shigowa ɗakin nan? Ga na'urar da ke jan iskarta daga cikin ɗaki tana fitar da hayaƙi ta bututu, ƙa'idar ita ce santimita murabba'i 5 na ƙofar iska ga kowane kilowat da ya haura 7. Na'ura mai kilowat 15 ke nan tana bukatar 40. Lissafin yaro ne. Amma a ɗakin gwaji za ka tarar da ƙofar iskar tana nan, girmanta daidai, sai dai an manna mata ragar sauro ta baya, ko irin mai zugewa ce da ake iya rufewa, ko ba ta huda bangon har waje ba. Duk da gangan aka yi.

Haka ɗakunan suke. An dasa musu laifuffuka, an zuba ido a ga wanda zai gani. Bututu ya ratsa bango babu riga. Wayar kariya daga lantarki ba ta cikin milimita 600 daga bakin mita, ko an ɗaura ta bayan bututu ya rabu biyu. Murhu babu sarƙa ko ƙugiyar da ke hana shi kifewa. Mahaɗar bututun hayaƙi ta saki a saman silin. Hitar da ke jan iskar ɗaki an kafa ta a banɗaki, inda doka ta hana sam. Ba wanda zai gaya maka laifi nawa ne. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce mutum ya sa hannuwansa a baya, ya bi gas ɗin da ido tun daga inda ya shigo gida, ta mita, ta bututu, zuwa na'ura, ya fita tare da hayaƙi har bakin mafita, yana faɗin abin da ya gani da baki. Masu tantancewa ba sa karanta zuciya. Abin da ka lura da shi ba ka faɗa ba, ba ka rubuta ba, a wurinsu ba ka gani ba.

Gwajin hayaƙi iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko na bututun ne kansa: a ɗumama shi, a kunna ƙwayar hayaƙi a gindinsa, a fita waje a tabbatar hayaƙin ta mafita ɗaya yake fita, wadda ta dace, a kuma duba sama da sauran ɗakuna ko yana ɓullowa. Na biyu na na'urar ne tana aiki: a rufe ƙofofi da tagogi, a bar ta ta yi minti biyar, a kai ashanar hayaƙi bakinta a ga ko tana zuƙe hayaƙin ko tana turo shi ɗaki. Idan akwai fankar da ke zuƙe iska a kicin ko wani ɗaki kusa, a kunna ta a sake gwadawa, domin fanka na iya janyo hayaƙi ya dawo ta inda ya kamata ya fita. Sashe na 26 na dokar 1998 ya wajabta abu huɗu duk lokacin da aka taɓa na'ura: a duba mafitar hayaƙi, a duba shigar iska, a auna matsi ko yawan gas ɗin da take ci, a tabbatar tana aiki lafiya. Waɗannan huɗun kam a haddace su.

Inda kunya ba ta da wuri

Ganin laifi rabin aiki ne. Saura yanke hukunci, kuma rukuni biyu ne kawai. Akwai abin da haɗarinsa na nan take ne, kamar yoyon da ya wuce iyaka ko na'urar da ke turo hayaƙi ɗaki. Wannan, da izinin mai gida, ana cire shi daga gas a toshe bututun, a manna takardar gargaɗi, a rubuta sanarwa a ba shi. Akwai kuma abin da bai kai can ba tukuna amma yana iya kaiwa. Shi ana kashe shi ne da izinin mai gida, a manna gargaɗin, a yi masa bayani. A da akwai rukuni na uku, na aikin da bai cika ƙa'idar zamani ba amma ba shi da haɗari. An cire shi daga tsarin, saboda yana rikita masu gida su kasa bambanta gargaɗin gaske da shawara. Har yanzu za ka ji tsofaffin ma'aikata suna ambatonsa. Kada ka rubuta shi a takardarka.

Injiniya ba shi da ikon tilasta wa kowa. Idan mai gida ya ƙi a cire abin da haɗarinsa na nan take ne, sai a kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999, su ne doka ta ba ikon shiga gida su yanke. Wasu laifuffukan kuma, waɗanda mugun aikin wani ma'aikaci ya jawo, dole a kai rahotonsu ga HSE cikin kwana 14.

A takarda duk wannan mai sauƙi ne. A ɗakin gwaji ma, mai tantancewa yakan tsaya a matsayin mai gida don ya ji yadda za ka yi magana. Amma ina ganin mu Hausawa muna da wani shiri na daban da za mu yi a nan. An tarbiyyantar da mu kada mu musa wa babba, kada mu ce wa dattijuwa a'a a cikin gidanta. To ga ka a watan Janairu, sanyi na ratsa ƙashi, tsohuwa tana ce maka, ɗana, shekara ashirin nake kunna hitar nan ba ta taɓa yi mini komai ba, ka bar mini ita zuwa gobe. Duk tarbiyyarka tana ce maka ka sunkuyar da kai ka ce to, Mama. Aikin kuwa yana bukatar ka ce mata, cikin ladabi, ba za ta kwana da ita a kunne ba, ka nuna mata baƙin da ya taru a bango, ka tambaye ta ko tana yawan ciwon kai da ke sakinta idan ta fita waje. Wannan magana ana koyonta kamar yadda ake koyon liƙa bututu. Ka sa abokin karatunka ya zama mai gida mai taurin kai, ka yi ta maimaitawa da Turanci har kalmomin su daina maƙalewa.

Akwai akasin wannan ma, kuma masu tantancewa sun san shi: ɗalibin da tsoro ya sa duk abin da ya gani sai ya ce a yanke gas. Wannan ma faɗuwa ce. Wanda ya bar iyali babu ruwan zafi saboda laifin da bai kai ba, bai san aikinsa ba. Teburin misalai yana cikin littafi, a buɗe shi.

Abin mamaki, waɗanda suka fi shan wuya a ɗakin gwaji ba kullum sababbi ba ne. Sau da yawa tsohon mai aikin famfo ne, wanda hannunsa ya riga tunaninsa. Kafin a gama bayani ya ɗauko sifana. Ya mance bai taɓa jikin na'urar da abin gwada lantarki ba, ya mance bai maƙala wayar wucin gadi a gefe biyu na bututun da zai yanke ba, wadda ke hana tartsatsi da jan wuta. Ya buɗe gas bayan aiki bai kori iskar da ta shiga bututu ba. A gidan haya yana iya yin haka sau ɗari ba abin da ya faru, shi ya sa ya saba. Sabon yaro mai bin takarda layi-layi yakan wuce shi.

Game da takardun tambaya, abu biyu sun isa. A karanta tambaya har ƙarshe, domin wasu suna neman abin da ba a yarda da shi ba ne, ido kuma yakan tsallake kalmar korewa. Sannan a duba ma'auni: milimita ko santimita, kilowat kafin a cire tururi ko bayan an cire. Wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, ya sanar da cibiyar tun wuri ya ji irin taimakon da ƙa'idarsu ta yarda da shi, kada ya bari sai ya zauna.

Cin CCN1 ba shi ne ƙarshe ba. Ita tushe ce, kowace irin na'ura kuma da tata jarrabawar: CKR1 ta murhun girki, HTR1 ta hitar ɗaki, CENWAT ta na'urar ɗumama gida da ruwa, MET1 ta mita. Yawancin mutane suna haɗa biyu ko uku a zama ɗaya. Satifiket ma idan ya zo ba izinin aiki ba ne, sai an kai shi Gas Safe an yi rajista an biya kuɗi. Sabon mai rajista yana zaman gwaji na wata uku, yana sanar da ayyukan da ya yi, sufeto na iya zuwa ya duba. Katin da za a ba shi yana ɗauke da hotonsa da lambar lasisi mai alƙaluma bakwai, a bayansa kuma an jera irin ayyukan da aka yarda ya yi. Mai CKR1 kaɗai da ya buɗe na'urar ɗumama gida ya fita daga izininsa, ko da katin na rataye a wuyansa. Rajistar ana sabunta ta kowace shekara, jarrabawar kuma ana sake zamanta duk bayan shekara biyar.